Katako Daga Ɓawon Gyaɗa

A shekarar da na ajiye aikin koyarwa a firamare, gyaɗa ta yi mana kyau. Gonata tana bayan gari, ta hanyar da ke gangarawa madatsar ruwa ta Watari, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyaka sai da layin gamba ko wata aduwa da kakanni suka bari. Da aka kawo injin ɓara aka gama aiki, ɓawon ya taru a ƙofar gidanmu kamar ƙaramin tudu. Awaki na tonawa, mata na ɗiba su hura wuta, masu kiwon kaji su zo da buhu su roƙa, abin da ya rage kuma iska ta watsa shi cikin lungu. Tun ina yaro haka na san ɓawon gyaɗa, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansa ba.

'Yata ta fari, wadda kunya ba ta bari in kama sunanta, ta karanta ilimin sinadarai a jami'a, ta kuma samu aiki a wata masana'anta a Kano. Iyakar abin da na sani game da aikin shi ne suna yin gam. Idan aka tambaye ni me take yi a birni na ce gam, sai mai tambayar ya ce Allah ya taimaka. Na san abin da ke ransa. Gam ɗin da muka sani shi ne na mai gyaran takalmi, da wanda muke manna hotuna da shi a bangon aji.

Wata rana da hantsi ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce tana son in tara mata ɓawon gyaɗa, busasshe, wanda bai haɗu da ƙasa ba. Na tambaye ta ko kiwon kaji ta fara. Ta yi dariya ta ce katako za ta yi da shi. Na ɗauka wayar ce ta haɗiye wata kalma, na sa ta maimaita, ta maimaita. Na yi niyyar ba direban garinmu saƙon, amma mahaifiyarta ta ce tunda yanzu ba ni da aji da ke jirana, in kai da kaina in ga inda yarinyar take wuni. A tasha, da direba ya ɗaga buhun farko ya ji shi sakayau, sai ya kwance bakin ya leƙa. Har muka wuce Bagwai fasinjoji na tsokanata, wai mutanen Kano sun cinye gyaɗar, yanzu sun aiko a kai musu ɓawon.

A ƙofar masana'antar ta fito ta tarye ni cikin farar riga har gwiwa, ta cusa hijabinta a ciki. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban masu gadi, ta ba ni takunkumi da wani faffaɗan tabarau, ta ce kada in cire. Ban yi nisa da shiga ba na gane dalili. Akwai wani wari mai yaji a wurin, ba mai ƙarfi ba, amma yana neman ido da maƙogwaro.

Ta fara bi da ni ta ɗakin ajiya, a nan kuwa na tsaya cak. Fararen buhuna ne jere har kusan rufi, kuma na san su. Na zura hannu cikin wanda aka buɗe na ɗebo. Ƙananan ƙwayoyi ne farare masu santsi, su ne dai waɗanda nake binnewa a gindin masara duk damina.

Na ce, "Wannan ai takin yuriya ne."

Ta ce, "Shi ne, Baba. Rabin gam ɗinmu ke nan."

Ɗaya rabin, in ji ta, wani ruwa ne da ake kira fomalin, yana cikin manyan tankunan da ke bayan ginin, kuma shi ne mai warin nan. Idan aka dafa su tare suna zama wani danƙo da suke kira rezin. Da shi ake haɗa katakon silin, da filawud, da saman tebur, da abubuwa da dama da nake taɓawa kullum ban sani ba. Muna tafe ta ƙara da cewa shi kansa takin daga iska ake samo tushensa. Mafi yawan iskar da muke shaƙa wani sinadari ne da ba shi da launi ko ƙamshi, shi ake kamawa a haɗa da iskar gas a cikin zafi da matsi mai tsanani, har a ƙarshe ya fito fari a buhu. Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa shuka tana buƙatar iska da ruwa da rana. Ban san cewa abin da nake ɗaurawa a bayan babur in kai gona iska ce da aka daskarar ba. Na buɗe tafin hannuna na sake duban ƙwayoyin.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, mai tsabta kamar asibiti. Shugaban ɗakin wani dattijo ne mutumin kudu, wanda ya daɗe a Kano har Hausarsa ta zauna. Ya ba ni kujera, ya ce in zauna in ga girkin da 'yata ta ƙware a kai. Tukunyar ta gilashi ce, ba ta fi ƙwarya ba, tana cikin wani akwati mai zuƙe wari, an soka mata ma'aunin zafi da wata siririyar muciya da inji ke juyawa. Ta zuba fomalin, ta ɗiga ruwan soda irin ta masu yin sabulu, ta zuba takin. Ya narke. Abin da ke cikin tukunyar ya koma ruwa garau, kamar wanda aka ɗebo daga famfo. Na zauna ina kallon ruwa yana juyawa, ina tunanin ko an yi wani abu ko ba a yi ba.

Can sai ta ɗiga wani abu mai tsami, daga nan kuma ta daina magana da kowa. Ta ajiye kofin ruwan sanyi a gefe. Jim kaɗan sai ta ɗebo ɗigo ɗaya daga tukunyar ta saka a kofin, ta ɗaga shi saitin taga. Ɗigon ya ɓace. Ta zubar, ta sake cika kofin, ta jira, ta sake ɗigawa. Haka ta yi ta yi. Na san fuskar nan. Ita ce fuskar da take yi tun tana ƙarama idan tana zura zare a allura. Sai a wani ɗigo, maimakon ya ɓace, ya bar farin sawu a cikin ruwan, yana sauka a hankali kamar an ɗiga nono. Nan take ta zuba soda, ta kashe wuta, ta kewaye tukunyar da ruwan sanyi. Da ta karkata ta, ruwan nan da na sani garau ya yi kauri, yana bin gilashin a hankali kamar zuma.

Sai da ta numfasa sannan ta yi mini bayani. Ta ce ƙwayoyin takin da na fomalin ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ko da madubin asibiti. A cikin zafi suna kama juna, wannan ya riƙe wancan, har su zama 'yan gajerun igiyoyi. Igiyoyin na ƙara tsawo, ruwan na ƙara kauri. Idan aka bar su, igiyoyin za su ƙulle da juna ta kowane ɓangare su zama kamar komar masunta, daga nan kuma babu sauran ruwa. Aikinta shi ne ta tsayar da su a tsakiyar hanya, sun zama igiya amma ba su zama koma ba, don a ƙarasa ƙullin a cikin katakon.

Dattijon ya buɗe durowa ya ɗauko wani abu ya ɗora a hannuna. Fari ne, mai nauyi, kamar guntun dutse. Ya ce wata shekara wuta ta ɗauke ana tsakiyar girki a babbar tukunya, wadda ta fi rumbu girma, muciyar ta tsaya, kafin a tayar da janareta duk abin da ke ciki ya sandare. Sai da ma'aikata suka shiga da guduma suna farfasawa. Na tambaya me ya sa ba a mayar da shi wuta ya narke ba. Ya ce akwai abin da ke kamar man shanu, ya daskare ya narke ya sake daskarewa, akwai kuma abin da ke kamar ƙwai. Wannan ƙwai ne. Idan ya dahu ya dahu. Na jujjuya dutsen a hannuna. Ɗazu da idona na ga irinsa yana ruwa.

An tafi da ɓawona za a niƙa a busar, muna jira ta haɗa mini shayi a wani ɗaki daban. Da na ɗaga 'yar jakar ganyen shayin da zarenta daga cikin kofi, sai ta tambaye ni ko na taɓa tunanin me ya sa ba ta yagewa, alhali takarda ce kuma a tafasasshen ruwa take. Wallahi ban taɓa ba. Ni da na sha kwashe littattafan yara idan rufin aji ya yi yoyo, na ga yadda shafi ke narkewa a hannu, na kuma sha shayin nan ba adadi, amma ban taɓa haɗa biyun a raina ba.

Ta kawo siraran guntayen takarda biyu masu kama ɗaya, ta tsoma su a ruwa, ta ce in ja. Na farko ya rabu tun kafin in sa ƙarfi. Na biyun na ja, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya miƙe, ruwa na ɗiga daga jikinsa, sai da na yi da gaske sannan ya tsinke, har da 'yar ƙara. Ta ce takarda zaruruwan itace ne da suka kwanta kan juna. Idan sun bushe suna riƙe juna da kansu, amma ruwa na shiga tsakaninsu sai su saki. Shi ya sa tun takarda tana kunu a cikin injin ake zuba mata rezin ɗan kaɗan, ba irin wanda muka dafa ba, wani ɗan'uwansa. Idan ta bi ta kan zafi ta bushe, sai ya ɗaure zaruruwan a duk inda suka gitta juna, ɗaurin da ruwa ba ya kwancewa. Na duba takardar a haske ina neman ɗaurin. Babu abin da na gani sai takarda.

Bayan azahar aka dawo da ɓawon, an niƙa shi kamar tsaki. Aka zuba shi a wata ganga mai juyawa, aka fesa masa rezin ɗin da ta dafa. Na damƙa na ji, da ƙyar za ka ce akwai laima, na ce a raina wannan ba zai riƙe komai ba. Ta baza shi a cikin wani firam, ya yi tudu kamar katifa, aka tura shi tsakanin wasu faranta biyu na ƙarfe masu zafi. Injin ya yi gurnani ya sauko. Tururi ya fito ta gefe, ɗakin ya cika da ƙamshin gyaɗa da ake soyawa, har ta cikin takunkumi ina ji. Da farantan suka rabu, katifar nan ta koma falle guda mai kaurin yatsa, sumul, gefensa a miƙe. Aka bar shi ya huce, ta miƙo mini. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙyaure. A jikinsa ina ganin ɗigo-ɗigon ɓawon, har da 'yan jijiyoyin nan da ke bayan kwanson gyaɗa. Dattijon ya ɗora shi kan bulo biyu ya ce in hau. Na cire takalmi na hau, na tsaya a tsakiya. Bai ko lanƙwasa ba. Ina tsaye a kan sharar ƙofar gidana, bakina yana ta tasbihi ban ma san na fara ba.

Ta raba fallen biyu ta ba ni. Ta ce ɗaya in ajiye a ɗaki, ɗayan kuma in jingina shi a waje inda rana da ruwa za su same shi, kada in tausaya masa. Na jingina shi a jikin rumbu. Duk tsawon rani yana nan lafiya, maƙwabta na zuwa su ƙwanƙwasa, wani har ya zo da ƙusa ya buga don ya tabbatar. Da ruwan farko ya sauka na fita na duba, babu abin da ya same shi. Amma da damina ta zauna sai gefensa ya fara kumbura. Kumburin ya yi ta ci yana shiga ciki, fuskar ta yi ƙuraje, har wata safiya na tarar kaji na tsattsage shi. Na taɓa, ya marmashe a hannuna kamar gurasar da ta kwana a miya. Raina ya ɓaci fiye da yadda ya kamata a ce dattijo ya ɓata rai saboda guntun katako.

Da ta zo Babbar Sallah, ko hutawa ba ta yi ba ta wuce gindin rumbu. Ta tsuguna tana murza marmashin, tana ɗaukar hoto da waya. Ban ga damuwa a fuskarta ba. Ta ce dama ta san haka za ta faru, so take ta ga yadda zai lalace da kuma ta inda zai fara. Ƙullin da taki ke yi yana da ƙarfi a bushe, amma ruwa idan ya daɗe yana kwance shi ɗaya bayan ɗaya. Akwai rezin da ba ya jin ruwa, sai dai kayan haɗinsa daga ƙasashen waje ake kawowa. Sannan ta tambaye ni ko har yanzu akwai bagaruwa a bakin magudanar ruwan Watari.

Na ce tana nan, me za a yi da ita? Ta ce sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jiƙa fata da shi ta ƙi ruɓewa, shi ma yana kama fomalin, kuma ƙullinsa ya fi na taki jure ruwa. A wasu ƙasashe an daɗe ana yin gam da ɓawon itatuwa 'yan'uwan bagaruwa. Tana son ta gwada da tamu.

Sai da muka jira rani, bagaruwa ta nuna ta bushe. Ina da ɗan fegin tumatir a Watari, don haka duk ranar da na je ban ruwa sai in ratse da buhu in tsinto, ina rige-rige da awakin Fulani. Da ta samu hutu ta zo, tsakar gidanmu ta koma masana'anta. Mahaifiyarta da ƙannenta mata suka daka, aka sheƙe aka fitar da 'ya'yan, aka jiƙa garin a babbar tukunyar biki. 'Yata ta ce kada a bari ya tafasa, a dai riƙa tura itace kaɗan-kaɗan. Aka tace da ƙyalle, aka mayar da ruwan kan wuta yana ƙonewa a hankali har ya yi kauri, ya yi ja mai duhu kamar maɗi. Gidan duk ya ɗauki wani ƙamshi mai bauri, hannun kowa ya rine.

Ana cikin haka mahaifiyarta ta ɗauko wani tsohon ludayin ƙarfe za ta juya, 'yar ta tare ta da sauri ta miƙa mata muciya. Don ta nuna mana dalili, ta ɗebi ruwan a kofin gilashi, ta sirka, ta jefa wata ƙusa mai tsatsa a ciki. Muna kallo wani baƙin hayaƙi ya fara tashi daga jikin ƙusar yana bazuwa, kafin a jima ruwan ya koma baƙi wuluk kamar tawada. Ta ce ai tawada ce, mutanen da a ƙasashe da yawa da irinta suka rubuta littattafansu. Na tsoma tsinke na ja layi a bayan wata takarda. Ya fito. Itacen nan da nake wucewa ta ƙarƙashinsa tun ina bin mahaifina gona, ina kaffa-kaffa da ƙayarsa, ashe duk wannan yana cikinsa, yana jiran wanda zai tambaya.

Ta koma Kano da jarkoki, daga nan kuma abu ya ƙi. Duk sanda muka yi waya sai in tambayi labarin bagaruwa kafin in tambayi lafiyarta, har mahaifiyarta ta fara yi mini dariya. Wani lokaci ta ce ruwan bagaruwar ya yi kauri ya toshe bakin abin feshi. Wani lokaci ta ce yana da gaggawa, da ya haɗu da fomalin sai ya sandare tun kafin a kai shi injin matsa. Ta rage wannan, ta ƙara wancan, ta gwada haɗa shi da rezin ɗin taki. Akwai ranar da na ji muryarta ta yi sanyi, ta ce wataƙila ta haƙura. Ban san komai a ilimin ba balle in ba ta shawara. Abin da na iya shi ne na sa abin a addu'a. Na sha samun kaina a sujada ina roƙon Allah ya sa gam ya kama, in ɗago in ji kamar in yi wa kaina dariya, amma ban daina ba.

Gab da faɗuwar damina ta iso ba tare da ta sanar ba, ɗan acaɓa na biye da ita da wani abu naɗe a buhu. Falle biyu ne manya, launinsu ja mai duhu kamar fatar da aka jeme. Na kai hanci na shinshina, babu yajin nan, domin a cewarta bagaruwa tana kame fomalin ɗin ta hana shi fita. Na ce bari in kai gindin rumbu mu jira ruwa. Ta ce ba sai mun jira ba, ta roƙi mahaifiyarta aron tukunya.

Mahaifiyarta ta ce ita ba ta taɓa jin an dafa katako ba, kuma ba da tukunyar miyarta za a fara ba. Aka samo wata tsohuwa da ake dafa wa awaki dusa. 'Yata ta yanko guntu daga sabon, ta kuma sa na fito da tsohon da nake ajiye a ɗaki, shi ma aka yanki gefensa, ina ji kamar a jikina ake yanka. Ta jefa su biyun a ruwa, aka hura wuta. Ta ce haka suke yi a wurin aiki, tafasa ta wuni guda tana yi wa katako abin da damina da yawa za su yi masa.

Na jawo kujera na zauna a bakin murhu, wurin da ban saba zama ba. Tun hantsi tukunyar ke tafasa, ana ƙara ruwa ana ƙara itace. Ba a daɗe ba ruwan ya yi dusa-dusa, 'yan ɓarɓashi na yawo a sama. Ban san daga wanne suke fitowa ba, ban kuma tambaya ba. Ita tana zaune a kan turmi, ta haɗa hannu a gwiwa, idonta a kan tukunyar. Na tafi masallaci na yi azahar na dawo, tana nan yadda na bar ta. Sai da aka kusa la'asar ta tashi ta sauke.

Ta zura matsami ta laluba. Tsohon babu shi, ya koma tsaki a gindin tukunya. Ta sake lalubawa, sai ga sabon ya fito yana tururi, kusurwoyinsa huɗu cif. Ya ƙara duhu, ya ɗan tasa kaɗan, amma shi ne. Ta tsoma shi a ruwan sanyi, ta miƙa wa mahaifiyarta. Ita kuma ta danna shi da farce, ta murɗa, ta buga shi a gefen turmi. Ya yi ƙara ya dawo hannunta. Ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Wannan bagaruwar da muka daka ce?"

"Ita ce, Inna. Da gyaɗar Baba."

Mahaifiyarta ta goge guntun da gefen zaninta, ta ce, "Allah mai iko." Ta shige ɗaki da shi, ba ta kuma dawo da shi ba.

Har yau masana'antar ba ta fara yin irin wannan katako don sayarwa ba. 'Yata ta ce bagaruwar wannan itace ba ɗaya take da ta wancan ba, ta bana ma ba ɗaya take da ta bara ba, kuma injin ba ya son abin da ke canza hali. Suna nan suna neman yadda za su daidaita ta.

Falle biyun nan na kai wa kafintan garinmu na ce ya yi mini benci. Ya ɗora zarto ya fara yanka, ya tsaya, ya ɗebi garin da ke zuba ya murza ya shinshina. Ya juya fallen yana neman layin itace bai samu ba. Ya tambaye ni wace bishiya ce wannan, domin shi dai tun yana yaro yake yankan katako bai taɓa gamuwa da ita ba. Na ba shi labari tun daga farko, yana riƙe da zarto bai yanka ba bai ajiye ba. Da ya gama aikin ya tattara 'yan guntayen da suka rage, ya ce in bar masa.

Na ajiye bencin a ƙofar gida, a fili, ba a ƙarƙashin rumfa ba. Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas da yamma lis, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a zaure ina kallon yadda ruwan ke dukansa yana tarwatsewa, yana gangarewa ta gefe. Da aka ɗauke na fita ina tsallake kwata, na share saman da tafin hannuna, na tattara rigata na zauna. Ƙasa na ƙamshi, kwaɗi sun fara kuka a kududdufin bayan masallaci. Ina nan zaune a kansa har aka kira magariba.